Tarihin Jimi Hendrix, makaɗin jita da ya sauya kiɗan rock

A ranar 18 ga watan Satumba na shekarar 1970 ne Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita ɗan ƙasar Amurka, ya rasu a birnin Landan yana da shekaru 27 da haihuwa.

Shekaru huɗu kacal ya yi yana tashe. A cikinsu ya kammala faya-fayai uku a ɗakin naɗar waƙa, sai kuma na huɗu da aka ɗauka a gaban 'yan kallo.

Sai dai fiye da shekaru 50 bayan rasuwarsa, masu sha'awar kiɗan rock ba su daina muhawara ba a kan wanne ne ya fi fice a cikin faya-fayan nan huɗu.

Muhawarar ta ƙi ƙarewa ne saboda kowane faifai ya nuna wata fuska dabam ta mutumin, kuma kowane rukuni na magoya bayansa na ganin fuskar da ya zaɓa ita ce ta gaskiya.

Tasowarsa

An haife shi ne a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka, a ranar 27 ga watan Nuwamba na shekarar 1942, lokacin da mahaifinsa Al Hendrix yake aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu.

Mahaifiyarsa Lucille, wadda ke da shekaru 17 a lokacin, ta raɗa masa suna Johnny Allen. Bayan da mahaifin ya dawo gida, sai ya sauya masa suna zuwa James Marshall Hendrix a shekarar 1946.

Gidan ya yi fama da talauci da shaye-shaye da yawan faɗa, abin da ya sa yaron da ƙaninsa Leon suka riƙa zama a hannun dangi da maƙwabta. Auren iyayen ya mutu a shekarar 1951, mahaifiyar kuma ta rasu a farkon shekarar 1958.

Waɗanda suka san shi yana yaro sun sha bayyana shi a matsayin mai kunya da ƙarancin magana, wanda kan rungumi sandar tsintsiya yana kwaikwayon masu kaɗa jita.

A shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ne ya samu jitarsa ta farko, wadda aka saya a kan dala 5. Bayan shekara guda mahaifinsa ya saya masa mai amfani da wutar lantarki.

Bai taɓa shiga makarantar koyon kiɗa ba, kuma har ya bar duniya bai iya karanta rubutun kiɗa na Turawa ba. Da kunne ya koya, ta hanyar sauraron faya-fayan mawaƙan blues baƙar fata irin su Muddy Waters da B.B. King da Howlin' Wolf.

Hendrix bahago ne. Don haka yakan ɗauki jitar da aka ƙera wa masu amfani da hannun dama, ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyinta, kuma haka ya ci gaba da yi har bayan da ya samu kuɗi.

Aikin soja da yawon kiɗa

A shekarar 1961 'yan sanda sun kama shi har sau biyu a cikin motocin sata, aka kuma ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da shiga soja. Ya zaɓi soja.

An tura shi runduna ta 101 ta sojan laima da ke sansanin Fort Campbell a jihar Kentucky, inda ya haɗu da wani soja mai kaɗa jitar bas, wato mai kaurin amo, mai suna Billy Cox. Abotar tasu ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin sojan bai karɓe shi ba. Rahotannin shugabanninsa sun nuna cewa hankalinsa na kan jita ne dare da rana, kuma a tsakiyar shekarar 1962 aka sallame shi.

Daga nan ya shiga yawon kiɗa a jerin gidajen rawa da ake kira Chitlin' Circuit, waɗanda baƙar fata ke halarta a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka.

A waɗannan gidaje ne ya ga yadda makaɗa ke jan hankalin jama'a ta hanyar kaɗa jita da haƙora ko ta bayan wuya, ya kuma ƙware a kai.

Ya yi wa manyan mawaƙa kiɗa, ciki har da Isley Brothers a shekarar 1964 da Little Richard a shekarar 1965. Amma bai cika daɗewa a wuri guda ba, saboda yawan makara, da kuma yadda yake janye hankalin 'yan kallo daga kan mai gidan da ya ɗauke shi aiki.

A watan Oktoba na shekarar 1965, lokacin da yake cikin tsananin rashi a birnin New York, ya sa hannu a wata yarjejeniya ta shekaru uku da wani ɗan kasuwar waƙa mai suna Ed Chalpin. An ba shi dala 1, tare da alƙawarin kashi 1 cikin 100 na ribar abin da aka sayar.

Wannan takarda ta ci gaba da bin sa har shekarar da ya rasu.

Zuwa Landan

A shekarar 1966 Hendrix na wasa da wata 'yar ƙaramar ƙungiya a wani gidan shaƙatawa mai suna Cafe Wha? da ke unguwar Greenwich Village a New York.

A wannan shekara ce wata 'yar Ingila mai suna Linda Keith ta ji kiɗansa, ta kuma haɗa shi da Chas Chandler, makaɗin jitar bas na ƙungiyar The Animals, wanda ke shirin barin dandali ya koma kula da mawaƙa.

Mista Chandler ya kai shi Landan a ranar 24 ga watan Satumba na shekarar 1966, ya taƙaita sunansa zuwa Jimi, ya kuma nemo masa Turawan Ingila biyu: Noel Redding a kan jitar bas da Mitch Mitchell a kan ganguna. Haka aka kafa ƙungiyar The Jimi Hendrix Experience.

A wancan lokaci matasan makaɗan Ingila sun ɗauki kiɗan blues na baƙar fatar Amurka da matuƙar daraja, suna koyonsa daga faya-fayan garmaho. Sai ga wanda ya tashi a cikin kiɗan ya sauka a tsakiyarsu.

Mako guda da isarsa, ya hau dandali tare da ƙungiyar Cream ta Eric Clapton, wanda a lokacin ake ɗauka babu kamarsa a jita a duk Birtaniya. Waɗanda suka halarci wasan sun ce Mista Clapton ya sauka daga dandalin cikin mamaki.

Kafin a jima labarinsa ya game Landan, 'yan ƙungiyoyin The Beatles da The Rolling Stones da The Who suka riƙa zuwa ƙananan gidajen rawa domin kallonsa.

Waƙarsa ta farko, Hey Joe, ta fito a watan Disamba na shekarar 1966, ta kai matsayi na 6 a jadawalin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. Purple Haze ta biyo baya ta kai na 3, sannan The Wind Cries Mary ta kai na 6.

Abin da ya bambanta shi

Kafin zuwan Hendrix, akasarin makaɗa na ɗaukar jitar lantarki a matsayin jitar gargajiya da aka ƙara wa murya. Shi kuwa ya ɗauki jitar da na'urar ƙara sauti da lasifika a matsayin kayan kiɗa guda ɗaya.

Idan aka ƙure sauti aka kusanto da jita gaban lasifika, amon da ke fitowa kan girgiza tsirkiyoyin, su kuma su sake mayar da shi cikin na'urar, har ya zama wani dogon ƙugi. Yawancin makaɗa na gudun wannan ƙara a matsayin matsala.

Hendrix ya koyi sarrafa ta. Ta hanyar matsawa gaba ko baya, da juya jikin jitar, da danna ɗan ƙarfen da ke sassauta tsirkiyoyi, yakan mayar da ƙarar ta zama kuka ko jiniya ko rugugin tsawa.

Yana da manyan hannuwa, don haka yakan lanƙwaso babban yatsansa ta saman wuyan jitar ya danne tsirkiya mai kauri, yayin da sauran yatsun ke wani kiɗan dabam. Wannan ya sa mai sauraro kan zaci mutum biyu ne ke kaɗawa.

Jitar da aka fi saninsa da ita ita ce Fender Stratocaster, tare da na'urorin ƙara sauti na kamfanin Marshall, da wasu ƙananan na'urori da ake takawa da ƙafa domin sauya amo.

Faifan farko

Faifansa na farko, Are You Experienced, ya fito a Birtaniya a watan Mayu na shekarar 1967. Ya kai matsayi na 2, kuma faifan Sgt. Pepper na The Beatles ne kawai ya tare masa gaba.

Wannan shi ne zaɓin magoya bayan da suka rayu a zamanin. Abin da suka fi tunawa shi ne firgicin jin sa karon farko, domin babu wani faifai a kasuwa da ke da amo irin nasa, duk da cewa an naɗe shi ne da na'ura mai layi huɗu kawai.

Sai dai ko a tsakaninsu akwai saɓani, domin faifan da 'yan Birtaniya suka saya ya sha bamban da wanda aka fitar a Amurka a watan Agusta.

Na Birtaniya bai ƙunshi waƙoƙi ukun da suka riga suka yi fice ba, amma yana ɗauke da Red House, wadda tsantsar blues ce. Kamfanin Amurka kuwa ya cire ta tare da wasu biyu, ya saka Purple Haze da Hey Joe da The Wind Cries Mary.

Saboda haka dattawan ƙasashen biyu kan ambaci suna ɗaya alhali kowa da faifan da yake tunawa.

Amurkawa ba su san shi sosai ba sai a ranar 18 ga watan Yuni na shekarar 1967, a bikin kiɗa na Monterey da ke jihar California, wanda Paul McCartney ya ba da shawarar a gayyace shi.

A ƙarshen wasan ya durƙusa ya zuba wa jitarsa mai, ya cinna mata wuta, sannan ya farfasa ta. Hoton wannan lamari ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi yaɗawa a tarihin kiɗan rock.

Hoton ya ɗaga shi, ya kuma zame masa ƙarfen ƙafa. Daga baya ya sha nuna gajiya da yadda 'yan kallo ke zuwa domin ganin wuta da kiɗa da haƙora, ba domin sauraro ba.

Faifai na biyu

Axis: Bold as Love ya fito a watan Disamba na shekarar 1967, watanni bakwai kacal bayan na farko, saboda yarjejeniyar ƙungiyar ta tanadi faifai biyu a shekarar.

Ana dab da miƙa aikin Hendrix ya mance da zaren naɗin rabin faifan a cikin wata tasi a Landan, abin da ya tilasta masa da Mista Chandler da injiniyan sauti Eddie Kramer sake haɗa shi cikin dare guda.

Wannan faifai ya fi samun karɓuwa a wurin makaɗan jita da masu son waƙa mai taushi. Hujjarsu ita ce a nan ne aka ga Hendrix marubucin waƙa, mai sanyin hannu, wanda ya gaji salon Curtis Mayfield da sauran makaɗan soul.

Waƙar da suka fi kafa hujja da ita ita ce Little Wing, wadda tsawonta bai kai minti biyu da rabi ba. Eric Clapton da Stevie Ray Vaughan na daga cikin manyan makaɗan da suka sake kaɗa ta daga baya.

Masu sukar faifan kuwa na ganin an yi shi cikin gaggawa, kuma waƙoƙinsa gajeru ne, sukan ƙare tun kafin mai sauraro ya ƙoshi.

Electric Ladyland

A shekarar 1968 Hendrix ya koma New York, ya kuma karɓi ragamar shirya faifansa na uku da kansa.

Yakan kwana a ɗakin naɗi yana maimaita waƙa guda sau da dama, har akwai wadda aka ɗauka fiye da sau 40. Ɗakin kuma kan cika da abokai da 'yan rakiya.

Wannan ya harzuƙa Mista Chandler, wanda ya saba da kammala aiki cikin sauri da tsimin kuɗi, ya ajiye aikin ana tsakiyarsa. Dangantaka da Noel Redding ita ma ta yi tsami, har Hendrix ya kaɗa jitar bas da kansa a wasu waƙoƙin.

Electric Ladyland ya fito a watan Oktoba na shekarar 1968 a kan garmaho biyu, kuma shi ne faifansa ɗaya tilo da ya kai matsayi na 1 a Amurka.

A cikinsa akwai All Along the Watchtower, waƙar Bob Dylan da Hendrix ya sake wa fasali, har shi kansa Mista Dylan ya koma rera ta a dandali da salon da ya yi kusa da na Hendrix. Akwai kuma Voodoo Child (Slight Return), da wasu waƙoƙi biyu da kowacce ta haura minti 13.

Da yawa daga cikin masu sharhi kan kiɗa na ɗaukar wannan faifai a matsayin ƙololuwar aikinsa, domin a nan ne ya yi abin da ransa ke so ba tare da wani ya tsaya masa a ka ba. Wasu kuma na ganin rashin mai tsawatarwar ne ya sa faifan ya yi tsawo fiye da kima.

Woodstock

Shekarar 1969 ta zo masa da ɗaukaka da kuma matsaloli. Yana daga cikin mawaƙan da aka fi biya kuɗi a duniya, amma yawan tafiye-tafiye da shan miyagun ƙwayoyi sun fara galabaitar da shi.

A watan Mayu an kama shi a filin jirgin saman Toronto na ƙasar Kanada, bayan an samu hodar heroin da tabar wiwi a jakarsa. Ya ce bai san da su ba, kuma a watan Disamba kotu ta wanke shi.

A ƙarshen watan Yuni Noel Redding ya fice, ƙungiyar ta wargaje.

A watan Agusta aka sa shi ya rufe bikin Woodstock a jihar New York. Ruwan sama da jinkiri sun sa bai hau dandali ba sai da safiyar Litinin, 18 ga wata, lokacin da akasarin mutane kimanin 400,000 da suka halarta suka riga suka watse.

A gaban waɗanda suka rage ne ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita, yana cusa amon da ya yi kama da faɗuwar bama-bamai da jiniya da kururuwa, a daidai lokacin da yaƙin Vietnam ya raba kan Amurkawa.

Wasu sun ɗauki hakan a matsayin zanga-zangar adawa da yaƙin, wasu kuma suka ce cin mutuncin taken ƙasa ne. Shi kansa, wanda tsohon soja ne, ya bayyana a talabijin daga baya cewa bai ga wani abin aibu a ciki ba, kyau ma ya gani.

Tsakanin fari da baƙi

Wani abu da ya daɗe yana damun Hendrix shi ne yadda akasarin masu zuwa kallonsa farar fata ne, yayin da gidajen rediyon baƙar fata ba su cika sanya waƙoƙinsa ba.

A zamanin da aka kashe Martin Luther King, wato shekarar 1968, wasu masu fafutukar 'yancin baƙar fata sun matsa masa lamba da ya fito fili ya mara musu baya, wasu ma suka zarge shi da yi wa Turawa wasa.

A watan Satumba na shekarar 1969 ya yi wani wasa a kan titi a unguwar Harlem, amma bai samu tarbar da ya yi fata ba.

A ƙarshen shekarar ya kafa wata sabuwar ƙungiya mai suna Band of Gypsys, tare da tsohon abokinsa Billy Cox da makaɗin ganga Buddy Miles, dukkansu baƙar fata.

Sun yi wasanni huɗu a zauren Fillmore East na New York a ranakun 31 ga Disamba da 1 ga Janairu na shekarar 1970. Daga cikinsu aka haɗa faifan da aka miƙa domin kashe rikicin tsohuwar yarjejeniyar nan ta dala 1.

Kodayake an yi faifan ne domin biyan bashi, kuma shi kansa bai gamsu da shi ba, yana da magoya baya masu tsananin kishinsa, musamman a tsakanin makaɗan funk da jazz.

Su a ganinsu a nan ne Hendrix ya ajiye wasan burgewa ya tsaya cik yana kiɗa, kuma waƙar Machine Gun mai tsawon fiye da minti 12, wadda ke magana a kan yaƙi, ita ce mafi girman abin da ya taɓa kaɗawa.

Ƙungiyar ba ta yi nisa ba. A ƙarshen watan Janairu ya sauka daga dandalin Madison Square Garden bayan waƙa biyu kacal, manajansa Michael Jeffery kuma ya sallami Buddy Miles.

Rasuwarsa

A shekarar 1970 ya sake haɗuwa da Mitch Mitchell, tare da Billy Cox, suna yawon wasa suna kuma naɗar sabbin waƙoƙi a Electric Lady, ɗakin naɗin da ya gina a New York a kan kuɗi kimanin dala miliyan 1.

An yi bikin buɗe ɗakin a ranar 26 ga watan Agusta. Daga nan ya tashi zuwa Ingila domin bikin tsibirin Wight, kuma bai sake komawa Amurka da rai ba.

Babban wasansa na ƙarshe shi ne wanda ya yi a tsibirin Fehmarn na ƙasar Jamus a ranar 6 ga watan Satumba.

Da safiyar 18 ga watan aka same shi ba ya motsi a masaukin wata budurwarsa Bajamushiya, Monika Dannemann, a unguwar Notting Hill da ke Landan. An garzaya da shi asibitin St Mary Abbots, inda aka tabbatar da rasuwarsa.

Binciken likitoci ya nuna cewa ya shaƙe ne da amansa bayan shan ƙwayoyin sa barci masu ƙarfi. Budurwar ta ce ya sha guda tara, wanda ya ninka ƙa'ida sau 18.

Jami'in binciken musabbabin mutuwa bai yanke hukunci a kan yadda abin ya faru ba, lamarin da ya buɗe ƙofar jita-jita. An sake duba batun a farkon shekarun 1990, amma hukumomin Birtaniya ba su ga dalilin sake buɗe shari'ar ba.

An binne shi a garin Renton da ke kusa da Seattle a ranar 1 ga watan Oktoba. Kwana uku bayan haka mawaƙiya Janis Joplin ta rasu, ita ma tana da shekaru 27.

Rikicin gado

Hendrix bai bar wasiyya ba, amma ya bar ɗimbin zaren naɗi na waƙoƙin da bai kammala ba, waɗanda aka yi ta fitarwa shekara da shekaru.

A shekarar 1975 wani mai shirya faifai, Alan Douglas, ya goge kiɗan abokan aikinsa daga wasu waƙoƙin, ya ɗauko makaɗan da ba su taɓa aiki da shi ba suka cike gurbin. Har yanzu magoya baya da dama na kallon wannan a matsayin cin amana.

Sai a shekarar 1995 ne mahaifinsa ya karɓo ikon mallakar waƙoƙin bayan doguwar shari'a, da tallafin kuɗi daga Paul Allen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Microsoft, wanda shi ma ɗan Seattle ne.

Bayan rasuwar mahaifin a shekarar 2002, rikici ya koma cikin gida. Wasiyyarsa ta bar ragamar dukiyar a hannun 'yar riƙonsa Janie, ta kuma cire Leon, wanda ya kai ƙara amma kotu ta tabbatar da wasiyyar a shekarar 2004.

Noel Redding, wanda ya daɗe yana kukan cewa ba a biya shi haƙƙinsa ba, ya rasu a shekarar 2003, Mitch Mitchell kuma a shekarar 2008.

Tasirinsa a Afirka

Sau ɗaya Hendrix ya taka ƙasar Afirka, lokacin da ya je hutu na 'yan kwanaki a Maroko a tsakiyar shekarar 1969.

A garin Essaouira na bakin teku akan gaya wa masu yawon buɗe ido cewa wani kango da ke kusa ne ya sa ya rubuta waƙar Castles Made of Sand, alhali waƙar ta fito tun shekarar 1967.

Amma kiɗansa ya shiga nahiyar sosai. A kudancin Najeriya, ƙungiyoyin matasa irin su BLO da Ofege da The Funkees, da suka yi tashe a shekarun 1970 bayan yaƙin basasa, sun ɗauki salon jitarsa suka gauraya da kiɗan gida.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, makaɗin nan na Abzinawa daga yankin Agadez, Bombino, ya sha bayyana cewa yana yaro a zaman gudun hijira ya riƙa kallon bidiyon Hendrix yana koyi da shi.

Jaridun ƙasashen Yamma kan kuma kwatanta Mdou Moctar na jihar Tahoua, wanda shi ma bahago ne, da Hendrix, kodayake shi ya fi danganta tasowarsa da makaɗin Abzinawa Abdallah Oumbadougou.

Karramawa

An shigar da ƙungiyar The Jimi Hendrix Experience cikin zauren karrama gwanayen kiɗan rock na Amurka a shekarar 1992.

A shekarar 1997 an maƙala allon tunawa da shi a gida mai lamba 23 a titin Brook da ke Landan, inda ya zauna a shekarun 1968 da 1969. Gidan na jikin wanda mashahurin mai tsara kiɗa George Frideric Handel ya zauna a ƙarni na 18.

Mujallar Rolling Stone ta sanya shi a matsayi na 1 a jerin gwanayen jita na duniya a shekarun 2003 da 2011 da 2023.

Akwai kuma wani rukuni na biyar a cikin magoya bayansa, waɗanda ke cewa faifan da zai fi kowanne shi ne wanda yake haɗawa a Electric Lady lokacin da ajali ya riske shi.

An fitar da wasu daga cikin waƙoƙin a shekarar 1971 da sunan The Cry of Love, sannan a shekarar 1997 iyalansa da Eddie Kramer suka tattara guda 17 a faifan First Rays of the New Rising Sun, bisa abin da suke jin shi ne tsarin da ya yi niyya.